Ranar da Na Kira Ɓauna da Kiran Shanun Baffa

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi a gandun namun daji ba. Ɗiyata Hajo ce ta kai ni, wai in huta da kasuwar shanu ta Achida. Aka sauke mu a tanti mai gado da katifa (ni da na tashi kan tabarma a ruga, yau ga ni ana biya mani kwana a daji).

Mai gadi ya nuna mana igiyar da ta kewaye sansanin, ya ce kada wanda ya tsallake ta.

Bayan sallar asuba iska ta kawo mani warin kashin dabba da ɗanyar ciyawa. Wallahi sai na ga rugarmu ta Giyawa, na ga Baffana tsaye da sanda a kafaɗa yana kiran shanunsa suna tahowa. Garken nan ya ƙare tun kafin a haifi Hajo. A birni ta girma, ba ta taɓa jin kiran ba, ni kuwa na daɗe ina son ta ji shi ko sau ɗaya.

Can gaba ga garken ɓauna na kiwo. Na ce mata, "Zo ki ga aikin kakanki."

"Baba, mi kaka shirin yi?"

"Mai ƙaho duk ɗaya ne, ɗiyata."

Na tsallake igiya, na cika ƙirji, na saki kira. Wani ƙaton namiji ya ɗago kai, ya yi huci, ya tako. Na shekara talatin ina duba idon shanu, ban taɓa ganin ido mara mutunci irin wannan ba.

Na tattare jallabiya na zuba da gudu. Ƙafata ta harɗe da igiyar rumfar shan shayi, rumfa ta rufto kaina da kan baƙin da ke zaune ciki. Mai gadi ne ya jawo ni ta ƙafa. Ɓaunan ma ashe tuni ya koma cin ciyawarsa.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Can na ji Hajo tana gwada kiran a hankali, duk ta karkace shi.

"Ba haka ba ne," na ce, na gyara mata.

Yanzu na san shanun Baffa ba su dawowa. In kewarsu ta taso, daga cikin mota nake kira, gilashi a rufe.