Lasisin Rani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Gwajin Direbobi, wanda sa hannunsa kaɗai ke mayar da ɗan koyo gwani.

Bayan gaisuwa, da fatan rufin ofishinka ba ya yoyo, ina rubuto maka ne a matsayin fasinja. Shekara talatin na yi ina gyaran kurakurai a gidan jarida, har idanuna suka gaji likita ya hana ni tuƙi. Yanzu maiɗakina ce ke kai ni asibiti duk Talata, da lasisin da ka sa wa hannu watan jiya. Tsakanin gidanmu da asibitin akwai gangara, akwai kwana, akwai wata gada da ruwa ke hawa kanta. Ga damina ta kawo kai.

Na ɗaya. Sau uku aka sa mata ranar gwaji, sau biyu aka ɗage saboda hadari ya haɗo. Na yaba da tausayin da ake yi wa takardun ma'aikatanka, kada su jiƙe. Sai dai ina tambaya, ranka ya daɗe: ranar da hadari ya haɗo mata a bakin gada, wane ofishi za ta je a ɗage?

Na biyu. Littafin koyon tuƙinku shafi casa'in da shida ne; na sa ta karanta mini shi duka. Girman hoton da za a manna a fom ya ci shafi huɗu. Babin ruwan sama, iska, laka da santsi kuwa jimla ɗaya ce: "Direba ya yi a hankali." A matsayina na tsohon mai gyara, ban samu kuskure ko ɗaya a jimlar ba, ɗigonta ma yana wurinsa. Amma a hankali da giya ta nawa? Birki a danne shi ko a lallaɓa shi? Ruwa ya kai ina a taya kafin mutum ya haƙura ya juya?

Na uku. Motar da ta koya da ita ba ta da waifa mai share gilashi. Malaminta ya cire robar ya adana a aljihun tebur, don kada rana ta lalata ta. Talatar da ta wuce yayyafi ya tare mu a gangara, muna cikin tamu motar. Ta laluba, ta kunna sigina ta hagu, ta kunna ta dama, ta kunna fitila, ta kamo mana labaran duniya. Na ce, "Maman yara, me kike nema?" Ta ce, "Malam, bar ni, a hankali nake yi." Sannan ta danne birki, motar ta zame ta juya tana kallon gida. Gaskiya, a hankali ta juya.

Roƙona ɗaya ne cikin biyu. Ko a fita da ɗalibai cikin ruwa, da malami a gefensu, ko a buga wa kowane lasisi hatimi: "Na rani ne."

In kuma ka ga jimlarku ta wadatar, ba ni da ja. Masu hasashen yanayi sun ce Talata mai zuwa akwai ruwa mai ƙarfi. Ƙarfe tara za mu tsaya a ƙofar ofishinka. Ni zan koma baya. Kujerar gaba ta manya ce.

Naka mai biyayya, rani da damina,
Mijin Mai Lasisi