Rasuwar Gwaggo, Mai Jera Saƙonni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke kula da layin saƙonni a kamfaninmu na kai kaya. Ta cika a ƙarƙashin teburina, inda ta daɗe tana ɗumama mini ƙafa.

Marigayiyar ba ta da sauri, amma ta san babba ta san yaro. Kowane kaya da lambarsa. Duk saƙonnin da ke ɗauke da lamba ɗaya sai ta haɗa su gida guda, ta sake su bi da bi: an karɓa, an canza adireshi, an loda, an kai. A hannunta ƙane bai taɓa riga wansa fita ba. Maganarta ba ta wuce "huuu", sai "ƙit-ƙit" in aiki ya yi yawa.

Ciwon ajalinta ya faro ne ranar da Manaja ya dawo daga wani taro ya ce, "Ku cire lambobin nan, su ke sa ta nawa." Na ɗaga hannu. Ya ce, "Ƙanwata, bari manya su gama."

Manya suka gama. Washegari saƙonni suka fito kamar an buɗe wa tumaki ƙofa. Wani bawan Allah ya gyara adireshi, gyaran ya iso bayan mota ta tashi, aka kai firijinsa tsohon adireshin, gidan surukinsa, wanda ya karɓa yana sa albarka. Ƙorafi ya yi ta sauka a kan Gwaggo har fankarta ta tsaya.

An ce tsufa ne, da sakacin mai kula da ita. Mai kula da ita ni ce.

Ta rasu ta bar linzamin kwamfuta ɗaya, da igiyoyi da dama, da direbobin da har yanzu ke yawon ba da haƙuri. Ta kuma bar Manaja, wanda aka ƙara wa girma saboda ya kawo sabuwar na'ura mai wata dabara ta zamani: tana haɗa saƙonni bisa lamba.

Mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo ɗaukar gawa ranar Laraba, za a ɗora ta a sikeli a bakin ƙofa. Ana karɓar gaisuwa a teburina har ƙarshen wata, daga nan teburin na ɗan yayar Manaja ne. Mai zuwa ya taimaka ya riƙo mini kwali babba na kwashe kayana.