Yadda Za Ka Auri Ɗiyar Malam da Tarwaɗa Guda Ɗaya

In an ce ba a ba ka mata sai ka nuna sana'a, kuma duk abin da ka mallaka babur ne da takardar difloma kan kiwon kifi, kwantar da hankalinka. Ni Kassimu na Gangara na shiga wannan hali, ranar da Malam Lawwali na Isa ya ce ɗiyarsa Firdausi ba ta zauna-gari-banza ba ce. Bi matakan nan biyar, aure ya tabbata.

1. Zaɓi kifin da ba wanda ya sani

Kada ka kiwata tarwaɗar fadama, za a tambaye ka kududdufi nawa gare ka. Sayar da babur, ka sa direban Legas ya zo maka da tarwaɗar bakin teku, wadda ke zama inda gulbi ke haɗuwa da ruwan gishiri. Guda ɗaya ta isa. Mai kifi dubu ɗan kasuwa ne, mai guda ɗaya kuwa masani.

2. Haddace danginta

Masana sun sa ta cikin zuriyar Ariyide, 'yar'uwar ƙurungu ce, da gashin baki shida da ƙaya mai dafi a gadon baya. Faɗi wannan ko ba a tambaye ka ba.

Abu ɗaya za ka ɓoye: namijin ne ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, makonni ba ya cin komai. Ni na yi suɓul da baka wurin zance. Firdausi ta ce, "Ashe kihi ma ya san reno. Kai hwa?"

3. Haɗa mata ruwan zartsi

Samo babban akwatin gilashi da injin iska mai sola. Ruwan ya zama zartsi-zartsi, tana girma kana ƙara gishirin teku. Ban da kantun gishirin shanu. Na gwada, awakin unguwa suka wuni suna lasar gilashin.

Inna za ta ce, "Gishirin da miya ba ta samu ba, shi aka zuba ma kihi?" Yi mata murmushin masana ka wuce.

4. Gayyaci Malam ya ga sana'a

Sa ranar Juma'a bayan an sauko. Wanke gilashi, ka hau kabu-kabu zuwa tashar Sabon Birni ka tarbo shi. Gaya wa Inna babban baƙo na tafe, amma ka manta ka gaya mata abin da zai zo gani.

Ka dai san gidajenmu. Surukin gobe ba a aje masa tuwo da miya tsura, sai an yanka wani abu. Kajin Inna kuwa annoba ta share su tun bazara. Za ta duba gidan kaf, ta ga abu ɗaya ne mai ƙiba.

5. Yi shiru

Ni ban gane ba sai da na hango gashin baki cikin romo. Wallahi hawaye suka zo mini, wata bakwai ina renon kifin nan, har hira nake yi mata. Malam ya cinye, ya suɗe hannu.

"Alhamdu lillahi, wanga kihi gishiri nai ya yi daidai. To ɗana, ina sana'ar?"

Daga bayan zana Inna ta ce, "Ita kac ci, Malam. Ban samu kaza ba."

Malam ya daɗe yana kallon ƙayoyin.

"Ita ɗai ta?"

Inna ta ce, "Ita ɗai ta, Allah gafarta Malam."

Mutumin da ya shekara talatin yana karantar da haƙƙin mutane ya share gumi da gefen rawani. Ya ce, "Ba ni cinye sana'ar yaro, kuma in hana mai ɗiya. A turo magabata."

Gargaɗi

Ban ɗauki alhakin babur ɗinka ba, ko yatsan da ƙaya ta soka, ko malamin da zai cinye ya nemi ƙari. Mai ƙorafi ya same ni a Gangara. Ni ne za ka tarar a ƙofar gida da jariri a kafaɗa, ban ko karya ba. Firdausi ta ce ai ni na kawo zancen namijin kifi.