Zaɓen da Na Janyo wa Kaina

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Agege ba, ranar da aka miƙo mini shugabanci a tafin hannu na ce ba na so sai an yi zaɓe. Har yau in na ga gwangwanin madara sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A shekarar da soja suka koma bariki ne. Gari ya rikice da zancen siyasa, a motar haya ta danfo siyasa, a teburin mai shayi siyasa, ni kuwa abin ya shige ni fiye da kowa. Tela ne ni, ina da ɗan shago kusa da layin dogo, kuma da yake na ɗan taɓa sakandare kafin na baro gida, sai na naɗa kaina mai yi wa jama'a fashin baƙin labarai. Rediyo a kunne, jarida a hammata (wani lokacin ta makon jiya ce, wurin mai tsire na karɓo). Kalmar "rinjaye" ba ta barin bakina. Ko abincin rana za mu saya a shago sai na ce a ɗaga hannu, masu son amala da masu son shinkafa.

Muna da ƙungiyar teloli 'yan Arewa, shugabanmu Baba Ɗanjuma, wanda tsufa ya kama, yana son komawa gida Zariya. Kujerar ba ta wasa ba ce: shugaba ake kawo wa manyan ɗinkunan anko ya raba, shi ke shiga tsakaninmu da masu gidaje da 'yan haraji. Ni kuma a lokacin ina neman auren Rabi, kuma kawunta Alhaji Sule, wanda shi ne waliyyinta, ya taɓa cewa shi bai ga abin da yaron nan ya iya ba in ban da surutu. Ina son kujerar nan kamar raina, don in nuna masa.

Dattawa suka zauna suka yi shawararsu yadda aka saba, Baba Ɗanjuma ya aiko aka kira ni.

"Mun duba, kai ka iya Turanci da Yarabanci, ba ka tsoron ofis," in ji shi. "Mun ba ka. Allah ya taya ka riƙo."

Da mai hankali ne sai ya durƙusa ya yi godiya ya tafi. Ni sai na gyara hula na ce, "Baba, ai zamanin naɗi ya wuce. Dole a yi zaɓe, mai rinjaye ya ɗauka."

"To, wa ke ja da kai?"

"Babu kowa, Baba."

"To zaɓen me za a yi?"

"Zan nemo abokin takara."

Da ƙafata na je na nemo shi. Malam Isufu ne, mutumin Maraɗi, mai surfani, bawan Allah da zai wuni bai ce uffan ba. Da na faɗa masa sai ya ɗago a firgice ya ce, "Mushe," wato yallaɓai da Faransancinsu, "ni ban son sarauta. Bar ni da allurata." Na yi ta lallashi, har goro na saya masa, na rantse masa cewa sunansa kawai za a ara.

Baba Ɗanjuma ya ce to, a ɗaga hannu a gama. Na ce a'a, zaɓen sirri za a yi, kamar na ƙasa. (A nan na haƙa ramina da hannuna. In da hannu aka ɗaga, wane ne zai dubi idona ya bar hannunsa a cinya?) Ni na tsara komai: labule a bayan shagon Baba, gwangwanin madara biyu da aka tsaga murafansu, nawa an ɗaura masa jan zare, na Malam Isufu shuɗi. Kowa a ba shi murfin kwalbar lemo guda, ya shiga ya jefa wa wanda yake so.

Na bi shago-shago ina neman goyon baya. Duk wanda na je wa sai ya ce, "Haba, ai kai ne, an gama." Kaina ya kumbura. Na ture ɗinkin mutane gefe na ɗinka wa kaina babbar riga fara ƙal. Na aika wa Alhaji Sule da gayyata ya zo a matsayin mai sa ido, shi zai ƙirga, don ya gani da idonsa. Abin bai ishe ni ba, na ɗauko Ganiyu mai gangar Yarabawa da mutanensa na ɓoye su a lungu, na ce, "Da kun ji an kwashe da ihu, ku faɗo."

Ranar ta zo, bayan la'asar shago ya cika har waje. Na miƙe na yi jawabi. Na taɓo tarihin mulkin farar hula, na taɓo 'yancin tela, na ga wasu na gyangyaɗi na ɗauka gyaɗa kai suke. Aka ce Malam Isufu ya yi nasa, ya miƙe ya ce, "Salamu alaikum," ya zauna.

Ni na fara shiga bayan labule. Ina riƙe da murfina sai tausayi ya kama ni. Ni na janyo bawan Allah nan, yanzu a juye gwangwaninsa a gaban jama'a a ga wayam? Ni da zan kwashe duka, ƙuri'a ɗaya me za ta rage mini? Na jefa masa nawa, na fito ina jin kaina kamar waliyyi.

Da kowa ya gama, Alhaji Sule ya gyara zama. Haifaffen Agege ne, Hausarsa ba ta tafiya ita kaɗai. "Oya, a kawo su," in ji shi. Ya fara da mai shuɗin zare, ya buɗe ya juye. Murafai suka zubo yar a kan tabarma, har wasu na gangarawa ƙarƙashin keken ɗinki. Na yi murmushi na ce a raina, ashe masu tausayi suna da yawa.

Sai ya ɗauki nawa. Ya girgiza, shiru. Ya kai kunne ya sake girgizawa.

"Ah-ah. Kilode? Me ya faru?"

Ya ɓalle murfin ya kifa, ya bubbuga gindinsa. Wani ɗan kyankyaso ya faɗo, ya dube mu, shi ma ya ruga wajen tulin Malam Isufu.

Alhaji ya leƙa ciki, sannan ya ɗago ya dube ni. "Nothing dey inside o. Ɗana, ko naka ma babu?"

Shagon ya fashe da dariya, har da masu faɗowa daga benci. Ganiyu kuwa da ya ji ihu, abin da yake jira ke nan. Suka faɗo da kiɗa, suka kewaye ni ina tsaye cikin farar riga, suna "Ciyaman! Ciyaman tuntun!" wato sabon shugaba. Ina yi masa alama da ido ya daina, ya ɗauka cewa nake ya ƙara, ya kawo gangar saitin kunnena. Cikin wannan hayaniya Malam Isufu ya ratso, kamar zai yi kuka, ya kama hannuna ya ce, "Mushe, ka ce sunana kawai za a ara!" Baba Ɗanjuma yana share hawayen dariya ya nuna tabarma ya ce, "To, ga rinjayenka nan." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, da rigar da komai.

Washegari suka yi ta zuwa shagona ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce shi ya ɗauka kowa ni zai zaɓa, shi ya sa ya tausaya wa Malam Isufu. Na kasa musu, tunda ni ma abin da na yi ke nan. Amma har da waɗanda suka rage murya suka ce, "Ni dai kai na jefa wa." A gwangwanin da ni da su muka ga cikinsa!

Malam Isufu ya riƙe ƙungiya lafiya lau, in za a je ofis ya tura ni in yi surutun. Rabi kuma an ba ni. Alhaji Sule ya ce mutumin da ya iya ba abokin takararsa ƙuri'arsa ba zai hana 'yarsa abinci ba. Sai dai bai sake kiran sunana ba, ko a taron ɗaurin auren "Ciyaman" ya ce.

Abin da na koya, in dattawa suka ba ka abu, sa hannu biyu ka karɓa. In kuma ka nace sai an yi zaɓe, ka taimaki kanka ka zaɓi kanka. A gidana dai har yau ba ni da bakin gardama, don da na fara ɗaga murya sai Rabi ta ce, "Maigida, kada mu ja. A kawo gwangwani?"