Kankanar Gwaggo Melenaite da Takarda Mai Shafi Uku

Bayana ciwo yake, jama'a, kuma jimla ɗaya tak ce ta jawo mini. Tun asubar yau nake tura baro daga gonar Gwaggo Melenaite zuwa tashar jirgin ruwa. Kankana ɗari da arba'in, a kan hanyar da aka yi mana alkawarin kwalta tun ina rarrafe. Bari ku ji yadda aka yi.

Wata biyu rabon tsibirinmu da ganin jirgi. Ranar Litinin sai ga takarda daga manya na babban tsibiri. Ita takarda ba ta jiran jirgi: ta waya aka turo ta, malamin makaranta ya buga, aka manna a ƙofar coci. Shafi uku, hatimi biyu.

Gwaggo ta aiko a kira ni. Yayar babana ce, kuma kun san a nan in gwaggo ta kira ba a tambayar dalili. Kankanarta ta nuna. So take ta kai ta kasuwar babban tsibiri ta dawo da kwanon rufi kafin damina, don a yanzu da robar tarar yoyo a kan gado take kwana. In ta yanke jirgi bai zo ba, ta ruɓe a tasha. In ba ta yanke ba ya zo, awa biyu yake yi ya juya, ta ruɓe a gona.

"Bature," ta ce, haka take kirana tun da na dawo, "karanta ka gaya mini. In yanka ko kada in yanka?"

Na ji daɗi. Shekara tara na yi a kudancin Niyu Zilan. Abu biyu na dawo da su: rigar sanyi da ba ta da amfani a nan, da sanin yadda ake tsinto jigon magana a rubutu. Wata malama mai jan biro ta dasa mana shi a ka. Kowane sakin layi jigo ɗaya gare shi, yana tsaye a gaba, sauran jimloli 'yan rakiya ne. Ka kama jigon, ka sallami 'yan rakiya. Tun dawowata ba wanda ya nemi wannan ilimi sai ranar.

Shafin farko gaisuwa ce zalla. An gode wa Allah, an gaida masu sarauta, an gaida fastoci, an gaida tsofaffi, saura kaɗan a gaida kajinmu. Na tsallake. A saman shafi na biyu kuwa ga shi tsaye ƙiƙam: "Jirgi zai iso ranar Alhamis da safe." Na ja masa layi. 'Yan rakiya suka biyo a jere: an yi masa sabon fenti, an gyara inji, an sauya labule.

"Yanka, Gwaggo. Ga jigo, ga hujjoji uku."

Ba ta ko dubi layin ba. "Sau nawa suka yabi haƙurinmu?"

Na ƙirga. "Sau huɗu."

"Huɗu?" Ta ajiye wuƙar da take fere doya da ita. "Ko shekarar da guguwa ta kwashe rufin coci sau uku suka yi."

Fifita maƙwabcinmu, masunci ne amma ya fi kama magana, ya leƙo ta saman shinge. "Malam Bature, ka karanta wutsiyar?"

"Wutsiya ban kwana ce kawai. Ba a ajiye jigo a wutsiya."

"A can ƙasar ƙanƙara ba. Ni dai da na je neman auren Kalolaine, awa guda babanta yana yabon kwalekwalena. Sai da na miƙe ina sa takalmi ya ce an ba wani."

"Ai ita kake aure yanzu."

"Wanda aka ba ɗin ma bai tsaya ya ji wutsiyar tasa ba."

Na ce musu karatu ba wasa ba ne, na rantse da takardar shaidata. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "To, yanka. In ta ruɓe kai za ka cinye ta, har ɓawo."

Yau Alhamis ƙarfe tara, na zube baron ƙarshe ke nan, sai ga hayaƙi a bakin teku. Jirgi! Fari fat, fenti na ƙyalli. Jama'a, na yi rawa. Ni da digirina na yi rawa a kan tasha, na kama Fifita na juya shi, na ce ya maimaita maganar wutsiya in ji. Mata suka ɗau guɗa, karnuka suka ɗau haushi, wani ya buga ƙararrawar coci ba Lahadi ba.

Aka saki tsani. Abin da ya fara sauka kujera ce, fara, ta roba. Sai wata. Sai wata. Muka tsaya muna jiran buhun fulawa, muna jiran kananzir, kujeru dai ake ta miƙowa har ɗari biyu. Sai rumfa, sai lasifika, sai masu busa ƙaho goma sha biyu da hulunansu. A ƙarshe, ana riƙe masa lema, sai Mai Girma Babban Mai Sa Hannu da kansa, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada.

Na tari akawunsa na nuna masa tulin kankana. Ya dube ni da tausayi. "Ba ku karanta takarda ba?"

Fifita ya zare ta daga aljihuna ya buɗe shafi na uku. Can ƙasa, tsakanin addu'a da hatimi, da ƙananan baƙaƙe, ya karanta da ƙarfi yadda har na kan tsani za su ji: "Sai dai wannan zuwan na bikin murnar ingantuwar sufuri ne, ba zai ɗauki kaya ko fasinja ba." Ya ninke ta ya mayar mini. "Ɗan rakiya ne, Malam. Sallame shi."

A nan dole in yaba wa manyanmu. Ba su yi ƙarya ba. Sun ce jirgi zai zo, ya zo. Sun ce an yi fenti, na shafa, ya ma biyo hannuna. Kuma wane shugaba ne zai ƙona man kwana biyu don kawai ya zo ya taya talakawa murnar jirgin da ba za su hau ba? Irin wannan ƙauna ba a ko'ina ake samunta ba. Can inda na yi karatu sai dai jirgi ya zo kan lokaci, shiru, ba ko ƙaho.

Gwaggo ta juya ta bar ni a wurin. Ta tafi gida ta ɗauro tsohuwar tabarmarta a ƙugu, irin da muke ɗaurawa don girmamawa, wadda ba ta fitowa sai jana'izar manya. Aka jera kujeru, aka busa ƙaho, Mai Girma ya yi jawabi, aka ɗura masa kava, ruwan saiwar nan tamu mai kashe jiki, kwano biyar, aka bi da gasasshen alade da doya. Rana ta take. Idonsa ya fara lumshewa. Sai Gwaggo ta matso ta zauna a ƙasa gabansa ta nemi izinin godiya.

Minti arba'in ta yi. Ta gode wa Allah. Ta gaida Mai Girma, da kakansa, da kakan kakansa da aka ce ya taɓa kwana a tsibirinmu. Ta yabi fenti. Ta yabi labule. Ta yabi haƙurinsa, na ƙirga, sau shida. Duk inda ta ja numfashi, shi kuma ya ɗaga gira, alamar e irin tamu. Ta ce ba ta da abin da ya dace da babban baƙo sai 'yar kankanar gonarta, ga ta can gaba ɗaya, ta sa ta a hannunsa. Aka yi tafi. Ya ɗaga gira har ta kusa taɓa gashi.

Sai ta sassauta murya, kamar mai kakkaɓe zani za ta tashi. "Ya taimaka ya kai mini ita kasuwa, ni kuma in zauna kusa da ita kada ta gangaro ta dame shi."

Girar ta riga ta saba. Ta tashi da kanta.

Tsibiri gaba ɗaya ya ɗauka: "An gode! An gode!" Fasto ya miƙe ya sa albarka. Masu ƙaho, da ba su ji komai ba, suka busa. Akawu ya durƙusa yana raɗa a kunnen ubangidansa, na ga bakinsa yana cewa ba wuri. Mai Girma ya wartsake sarai. Ya dubi Gwaggo, ya dubi fasto, ya dubi mutum ɗari uku da suka ga girarsa. Babba ba ya janye e a gaban taro. Ya yi murmushi irin na mai ciwon haƙori ya ce a yi lodi.

Wa ya yi lodin? Ni. Ɗari da arba'in, kan tsani, ɗaya bayan ɗaya, Fifita na tsaye yana ƙirga mini da waƙa. Gwaggo ta hau ƙarshe, da jakarta da ashe tun safe take ɗaure da ita, ta zauna daram a kan tulin, a inda kujeru za su koma.

"Bature!" ta ƙwalla daga sama, jirgi na ja baya. "Ka ba kaji ruwa. Ka ji farkon maganar, ka ji ƙarshenta, iyakarta ke nan."

Kujerun kuwa suna nan a tasha, duka ɗari biyu, akawu ya ce za a aiko a ɗauka a jirgi na gaba. Saboda haka kada wanda ya sake cewa manya ba su yi mana komai ba. Yanzu a zaune za mu riƙa jira.