Yadda Za Ka Kai Makaɗa Ruga Ka Dawo da Mutuncinka

Kai da ka tara samari uku da lasifika ɗaya kana kiran kanka shugaban ƙungiya, matso. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za a raka ku da sanda daga gidan biki ba. An gwada su a kan Mannir na Illela, shugaban Taurarin Iyaka, kuma har yau haƙoransa cikakku ne.

Mataki na 1: San abin da ke jiranka in ka faɗi

Tun da iyaka ta koma yau a buɗe gobe a rufe, bukukuwan Ƙonni suka yanke. Abin da ya rage wa Mannir rugagen Fulani ne. Sai Jaɓɓo, dattijon wata ruga bayan Kalmalo, ya kira su sunan jikansa. In Jaɓɓo ya ce yaran kirki ne, daga nan har Tozai an buɗe musu ƙofa. In ya ce ba su da kunya, Mannir ya koma dakon albasa a kasuwa. Ya taɓa yi. Wuyansa bai manta ba.

Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa. "Ɗan fari na. Ku wasa kowa, amma kada in ji sunan uwatai ko na ubanai cikin lasifika."

A ruga, iyayen ɗan fari ɓuya suke yi ranar suna don kunya. Ka kira su gaban surukai, ka ci fuskar gidan gaba ɗaya.

"Baffa, ko da wasa," in ji Mannir.

Haddace wannan amsar. Ka faɗe ta da sauri, kafin ka tuna da su wa kake aiki.

Mataki na 2: Raba rigimar gidan gaba

A-kori-kura kujera ɗaya gare ta kusa da direba. Kai kuwa sarakai biyu gare ka. Abdulmutallib mawaƙi, mai baƙin tabarau ko cikin ɗaki, ya ce iska na ɓata masa maƙogwaro. Sufyanu mai kalangu ya ce rana na busar masa da fatar ganga.

"Muryata ka ciyar da ku," in ji Abdulmutallib.

"Wace murya? Wadda awaki ka amsawa?"

Kada ka yi shari'a. Duk wanda ka ba gaskiya, ɗayan zai tuna gyatumarsa ba ta da lafiya. Ga abin da Mannir ya yi. Ya kinkimi janareta ya ɗora a kujerar, kowa ya hau baya. Ba wanda ya yi gardama, don a zuci sun san injin ya fi su daraja.

Mataki na 3: Kada ka amince da inji

Sun isa bayan la'asar, mata sun yi kwalliya, samari sun jeru da sanduna a kafaɗa. Janareta ya yi tari ya mutu. Lawwali, mai injin, ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi ƙara. Ashe man da suka saya wurin ɗan bumburutu rabinsa ruwa ne.

A nan shugaba ke nuna shugabanci: Mannir ya roƙi masu babura, ya sa tiyo a baki ya tsotso mai daga tankunansu. Wani ya shiga inji, wani ya shiga cikinsa. In ka yi haka, nisanci mai gashin nama.

Injin ya tashi, amma maɓallinsa na komawa da kansa. Lawwali ya ɗaure shi da waya tamau.

"Yanzu ba shi mutuwa sai mai ya ƙare," ya ce da alfahari.

Mataki na 4: Gaya wa mawaƙi doka

Gaya masa don ka fita haƙƙinsa, ba don zai ji ba.

"Ni za ka koya ma waƙa? Ni da anka liƙa ma sefa a Ƙonni?"

Shi ke nan. Tsaya kusa da shi.

Mataki na 5: Ji tsoron liƙi

Mawaƙi ba ya lalacewa sai an fara manna masa kuɗi a goshi. Abdulmutallib ya wasa Jaɓɓo, ya wasa kawunnai da goggonni, ya wasa shanu har da wani bijimi mai karyayyen ƙaho. Sunaye suka ƙare, liƙi bai ƙare ba. Mannir ya ga baƙin tabarau ya juya wajen bukkar da Farida, uwar jaririn, ta ɓuya.

"Ina mai jego? Hito a gan ki! Ɗiyar manya, farin wata, mai suna..."

Ya ja numfashi irin na mawaƙa, don a ƙagu. Mata suka rufe baki da mayafi. Jaɓɓo ya sauko da sandarsa daga kafaɗa.

Mannir ya ruga don ya kashe inji. Maɓalli a ɗaure. Janaretan da ɗazu yake suma, yanzu ruri yake kamar sabo. Mannir ya ji warin albasa a hancinsa.

Mataki na 6: In inji ya ƙi mutuwa, kunna mutum

Mannir ya faɗa kunnen Sufyanu. "Ka ji abin da ya hwaɗi cikin mota? Wai ko da bokiti anka kaɗa mai, shina iya wasan ga."

"Mi? Bokiti?"

Abdulmutallib bai faɗa ba. Amma zai iya.

Sufyanu ya yi tsalle ɗaya, ya cusa kalangu a bakin makirfo, ya matse shi a hammata ya shiga duka. Sunan ya fito, ba wanda ya ji shi, har mai faɗarsa. Abdulmutallib ya ja makirfo, Sufyanu ya bi shi, suna zagaya fili kamar zakaru. Tsofaffin da ke jin harshen kalangu suka kama ciki, don gangar zagin mawaƙin take yi tun daga kakansa. Samari kuwa suka ɗauka sabon salon birni ne, suka shigo da rawa.

Mataki na 7: Karɓi yabon da ba ku nema ba

Da rana ta yi ja, Jaɓɓo ya kira Mannir gefe.

"Mawaƙin ga naku na da kunya. Ya zo bakin suna ya tsaya. Makaɗin ma ya san aiki, ya ruhe mai." Ya mayar da sanda kafaɗa. "Ɗan ƙanena na da suna a Tozai. Shi ma jinjirin ɗan fari na."

"Baffa, ko da wasa."

A hanyar gida janareta na gidan gaba. Abdulmutallib na gaya wa Lawwali kunyarsa aka yaba. Sufyanu na gaya wa Lawwali shi aka ce ya san aiki. Junansu ba sa kallo. Mannir na zaune kan lasifika yana gyatsar fetur, yana neman abin da ya fi bokiti zafi. Kafin su shiga Illela ya samu: gwangwani.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai aike ka ruga ba. In makaɗinka ya gano ƙarya ka yi masa, ko mawaƙinka ya riga ganga isa bakin suna, tsakaninka da sanda ne. Kada ka zo gidanmu, ba na nan. Kasuwa na ci ran Lahadi, albasa ba ta ƙarewa. Ka zo da gammonka.