Rasuwar 'Yar Baƙa, Kyamarar Idon Mikiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau ta kasa ɗagowa, mai shagon tabarau na kusa da tashar mota, wanda abokansa ke kira Idon Mikiya, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman 'yan ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, rasuwar kyamararsa kuma abokiyar yawonsa, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu bayan gajeriyar jinya, sakamakon ruwan da ta sha a gaban shaidu. Da so samu ne, da babu shaidun.

Marigayiya ba da ƙuruciya ta zo hannunsa ba. Ta fara zama a wajen wani mai ɗaukar hoton biki, inda ta ƙoshi da hayaniya da masu cewa a sake ɗauka idonsu ya rufe. Da ta dawo hannun Idon Mikiya sai ta tuba, ta koma daji. Tun daga nan ba ta ƙara kallon ɗan Adam ba sai bisa kuskure.

Duk wanda ya yi sammako tare da ita zai shaide ta da haƙuri. Ta sha raɓa, ta sha rana, cinnaka ya yi mata hawan ƙawara, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ba ta da yawan magana. In ta hango tsuntsu sai ta ɗan yi gyaran murya, "zzz", ta daidaita idonta, sannan ta faɗi kalmarta guda ɗaya, "ƙyas", ta yi shiru. Da wannan kalma ta kama cilakowa yana miƙa wa matarsa abinci ta tsagar kogon bishiya. Da ita ta kama tsattsewa tana shan ruwa a guje, da gauraki biyu suna rawa kamar ba su da aikin yi. Hotunan nan suna rataye a bangon shago, da su ake gwada sabon tabarau. In maigidan ya ce wa mai saye, "Kana ganin ƙwayar idon kurciyar can?" ya ce yana gani, to ciniki ya faɗa.

Tana kuma da rufin asiri. Sau nawa ta ɗauki reshe tsirara bayan tsuntsu ya daɗe da tashi, sau nawa ta ɗauki babban yatsan maigidanta, ba wanda ya taɓa ji daga bakinta. Saboda wannan sutura ne ya samu bakin yi wa sababbin shiga ƙungiya wa'azi. Yakan ce musu, "Kallo daban, gani daban." Yakan ce, "Tsuntsu ba a matsa masa, ba a ɗaga masa murya. In ya tashi, kai ne mai laifi." Yana roƙon duk wanda ya haddace waɗannan kalamai ya taimaka ya manta.

Asalin ciwon ajalinta kuwa daga bayan gari ya taso. Surukinsa, mahaifin maiɗakinsa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya ya kama kiwon kifi a gonarsa. Dattijo ne mai kawaici. Tsakaninsa da Idon Mikiya gaisuwa ce kawai, ita ma kowa idonsa a ƙasa. Sau ɗaya aka taɓa jin ya tambayi 'yarsa, "Shi mijin naki, in ya ɗauki tsuntsayen nan hoto, sai kuma me?" Maganar ta dawo kunnen mai ita. Shi ya sa bai taɓa shiga gonar da kyamara a wuya ba. Ta bayan shinge yake zagayawa, ya laɓe cikin ciyawa a ƙetaren rafi, ya hango tafkin kifin daga nesa, don tsuntsayen ruwa ba sa rabuwa da wurin.

Wata safiya, daga maɓoyar tasa, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Wani tsuntsu ne a bakin tafkin, ƙirarsa ta zalɓe, amma bayansa shuɗi shar kamar an tsamo shi daga marina, ga jan tukku a ka. Ya tsaya cak, wuya a miƙe. Wannan bai ba shi mamaki ba, don an san zalɓe da tsayuwa kamar an dasa shi. Washegari ya tarar da shi a gabashin tafkin, wata ranar kuma kusa da bututun ruwa. Ya bincike littattafansa kaf, babu mai kama da shi. Sai ya tura hoton zauren ƙungiya na waya. Shugabar ƙungiyar, wata malamar makaranta mai ritaya, ta ce ƙila baƙo ne da iska ta koro daga ƙetaren teku. Wani direban motar asibiti ya tambaya, ya aka yi ba a taɓa ganinsa yana cin abinci ba? Idon Mikiya ya amsa masa da dogon bayani a kan gajiyar tafiya da yadda take ɗauke wa tsuntsu sha'awar ci.

A nan ya zama wajibi a wanke marigayiya. Ba ta yi ƙarya ba. A kowane hoto ta nuna wani siririn layi da ya taso daga baki ya bi wuya har ƙirji, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula. Maigidanta, mutumin da sana'arsa ita ce gaya wa mutane idonsu ya samu matsala, ya duba ya ce zanen gashi ne.

Maiɗakinsa, don murna, ta kai wa mahaifinta hoton. Ta ce, "Baba, ka ga abin da surukinka ya gano a gonarka. Har daga wasu garuruwa za a zo kallo." Dattijo ya karɓi wayar, ya daɗe yana duba, ya ce, "Madalla."

Ranar da ƙungiya ta fita, gari ya waye da yayyafi. Kowa ya kwanta rub da ciki a cikin ciyawa, 'Yar Baƙa a sahun gaba. Baƙo yana nan inda ake fata. Ana cikin haka sai ga wani mutum ya ɓullo daga cikin gonar, da rigar ruwa da faffaɗar hula da takalmin roba, ya ba su baya. Ya nufi tsuntsun kai tsaye. Tsuntsu bai tashi ba. Mutumin ya cafki wuyansa, ya fizge shi daga ƙasa, ya maƙale a hammata.

Abin da ya biyo baya, da Idon Mikiya zai samu mai sayensa da ya ba shi kyauta har da tukwici. Ya miƙe zumbur, ya buɗe murya iya ƙarfinsa: "Kai! Kai azzalumi! Sake shi! Ɓarawo, marar tarbiyya! Wa ya haife ka?" Ya zabura zai tsallake rafin, kyamara tana lilo a wuyansa. Dutsen da ya taka ya sha gansakuka. Ya tafi da baya, ya nutse har ƙirji cikin ruwa da laka. Marigayiya ta ce "ƙyas" a sama, ta ce "ɓul-ɓul" a ƙasa. Waɗannan su ne kalamanta na ƙarshe a fili.

Mai rigar ruwa ya juyo. Surukinsa ne.

Dattijo ya taho bakin rafi da sauri, ya riƙe ƙafar tsuntsun, wadda ta kasance sandar ƙarfe guda ɗaya, ya miƙo masa kan. Ya ce, "Malam, kama nan." Haka aka jawo Idon Mikiya daga laka yana riƙe da kan baƙon da ya zo daga ƙetaren teku, ruwa yana tsiyaya ta wata huda a cikinsa, takardar shagon masu abincin kifi tana manne a ƙarƙashin wutsiya. Tsuntsun roba ne. Dattijo ya sayo shi ne don ya kori zalɓen gaske daga kifinsa, aka kuma ce ya riƙa sauya masa wuri kullum kada su gano. Tun da ya ga hoton ya rasa bakin da zai faɗa wa surukinsa. Sai ya yanke shawarar ya yi sammako ya ɗauke abin a ɓoye, a ce baƙo ya ci gaba da tafiya, mutuncin kowa ya tsira. Bai san ranar ce ranar kallo ba.

Shugaba ta duƙufa tana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Direban motar asibiti ya yi iya ƙoƙarinsa, sannan dariyar ta kufce masa kamar taya ta yi faci.

An garzaya da marigayiya gida. An cire mata batir, an shanya ta, an binne ta cikin buhun shinkafa kamar yadda masana suka ba da shawara. Sau ɗaya ta buɗe ido, ta ɗan ce "zzz" a raunane, ta nuna wani koren haske, ta koma. Mai gyara ya kwance ta a kan teburinsa, ƙarƙashin fitila, ya hura nan ya goge can, sannan ya ajiye sukundireba a hankali. Ya ce, "Maigida, sai haƙuri. Laka ta kai zuciya."

Ta rasu ta bar sandarta mai ƙafa uku, wadda ke jingine bayan ƙofa ba ta san abin da za ta ɗauka ba, da batura biyu, da caja, da jakar da zik ɗinta ya riga ta gidan gaskiya. Murfin idonta ya bi ruwa, har yanzu ba labari. Ta kuma bar katin ajiyar hotuna cikin ƙoshin lafiya, ɗauke da hotonta na ƙarshe: rabin sama, rabin hula, da jan tukku yana leƙowa daga hammata. Maigidan ya kalle shi sau ɗaya.

Tun ranar bai leƙa zauren ƙungiya ba. Ya sauya hanyar zuwa shago. A gida, in ya ji maiɗakinsa tana shessheƙa a kicin ya leƙa, sai ya tarar da ita ta dafe ciki don dariya, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ce, "Baban yara, wallahi albasa ce." Gidan suruki kuwa, kullum sai ya sa hula zai je ba da haƙuri, in ya kai bakin titi ya tuna "wa ya haife ka", sai ƙafa ta ƙi.

Ana nan sai ga dattijo da kansa a shago, wai ya zo a gwada masa ido. Ba yadda za a gwada ido ba a kalle shi ba. Idon Mikiya ya zaunar da shi a kujera, ya jawo tasa har gwiwa tana taɓa gwiwa, ya haska ƙaramar tocila. Tun da ya auri 'yar mutumin nan bai taɓa sanin kalar idonsa ba sai ranar. Dattijo ya karance allon haruffa tun daga babban baƙi har layin ƙasa da ko matasa ke kasawa. Idonsa garau.

Idon Mikiya ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya ce, "Baba, bakina ne ya..."

Dattijo ya katse shi. "Tashi, Malam. Mutumin da zai faɗa ruwa saboda tsuntsun da ba nasa ba, ban ji tsoron bar masa 'yata ba. Ni ne mai laifi, da na ga hoto na ce madalla." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo. "Amsar tambayarka kuma, wanda ya haife ni sunansa Mai Jan Rawani, maƙeri ne. Mutumin kirki."

Za a yi jana'izar marigayiya ranar hutun ƙarshen mako da hantsi. Mai gyara zai fara cire sassan da za su amfani wasu kyamarori masu jinya, kamar yadda ake kyautata zaton ita ma za ta so. Sauran za a naɗe a tsohon rawanin da dattijo ya aiko, a sa a kwalin takalmi, a ajiye a saman kabad ɗin shago. Za a karɓi gaisuwa a nan shagon. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da kyamara, kada su yi fito, kada kuma kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya ko da wasa. Direban motar asibiti zai iya aiko da tasa gaisuwar ta hannun wani. Wanda ya tarar da mai makoki sanye da baƙin tabarau, kada ya zaci kuka ne ya kumbura masa ido, kunya ce. Ya gaishe shi ta gefe, a taƙaice, ya wuce.